FUSKOKI UKU A TSOHON GIDAN YARI

Na san da yawa daga cikinku kuna fushi da ni, don saƙonninku sun iso ni, wata ma har cewa ta yi idan na san ba zan ƙarasa labari ba me ya kai ni farawa. Ku yi haƙuri. Kashi na biyu na littafin nan da kuke jira ya daɗe da kusan kammala, tafiya ce ta gitta, kuma abin da na gano a tafiyar shi ya riƙe min hannu. Shi zan ba ku labari yau, in kun ji sai ku yanke min hukunci.

Maigidana harkar fata yake yi. Wadda mijinta ko mahaifinta ke wannan sana'a ta san cewa fatar awaki da tumaki da ake jemewa a Kano, da yawa daga cikinta ƙasar Italiya take tafiya, can ake mayar da ita jaka da takalmi a dawo mana da ita da tsada. Akwai wani gari a bakin kogin Arno da ake kira Santa Kuroce, kusan duk majema ne, bai fi tafiyar awa guda daga birnin Fulorans ba. Can ya je, ya kuma tafi da ni a karon farko bayan na shekara ina naci. Kwana biyu ina zaune a ɗakin otal ina kallon talabijin ɗin da ba na jin yarensa. A rana ta uku matar abokin cinikinsa ta tausaya min, ta ce za ta kai ni birni. Dattijuwa ce, tsohuwar malamar makaranta, tana jin Turanci daidai gwargwado, ni ma nawa na sakandare ne, sai muka dace. Ni dai a raina kasuwa nake so, ina ta lissafin tsarabar da zan yi wa ƙannena. Ta ce, "Kasuwa ba ta gudu 'yata. Zo in fara nuna miki wani gida."

Sunan gidan Barjello. In kin tsaya a waje ba za ki ce akwai abin kyau a ciki ba. Wani dogon gini ne na dutse mai duhu, ga hasumiya a kusurwa, kamar an gina shi don ya tsorata mutane. Ashe kuwa haka ne. A shekarar 1255 aka fara gina shi, ya girmi duk sauran gine-ginen hukuma da ke tsaye a birnin. Nan babban alƙalin gari yake zama, wanda suke kira podesta. Wata dabara tasu ta burge ni: ba sa ɗora ɗan gari a wannan kujera, daga wani gari suke ɗauko shi, ya yi wata shida ko shekara ya kama hanya, don kada a kawo masa ɗan ƙanin babarsa hannunsa ya yi sanyi. Kowannensu idan zai tafi sai ya bar tambarin gidansu a bango. Har yau suna nan a manne a tsakar gidan, birjik, sama da ƙasa. A 1574 aka miƙa ginin ga shugaban 'yan doka, shi ne ake kira barjello, sunan ya bi gidan. Aka yanyanka manyan zauruka aka mayar da su ɗakunan kurkuku.

Tsakar gidan tana da kyau ƙwarai, da rijiya a tsakiya da wata doguwar matakala ta dutse a jikin bango. Ina shirin in ce a ɗauke ni hoto a bakin rijiyar, sai dattijuwar ta ce min a nan ake kashe masu laifi, kuma ƙararrawar hasumiyar can ita ake kaɗawa idan za a kashe su. Na ja da baya, hoton da ban ɗauka ba ke nan.

Ta nuna min tagogin sama ta ba ni wani labari. Ranar 26 ga Afrilu 1478 wasu 'yan gidan Pazzi, su ma masu kuɗi ne, suka haɗa baki don su kawar da 'yan gidan Medici da ke juya birnin. A cikin babban cocin gari, ana tsakar ibada, suka far wa wa da ƙani. Ƙanin, Juliyano, suka goma sha tara aka yi masa, nan take ya cika. Wan, Lorenzo, ya tsira da rauni a wuya. Ɗaya daga cikin makasan, Bernardo Bandini, ya gudu har Istanbul, amma Sarki Muhammadu na biyu, wanda ya ci birnin a 1453, ya kama shi ya mayar musu da abinsu. A watan Disamba 1479 aka rataye shi daga tagar wannan gida. Cikin 'yan kallo akwai Leonardo da Vinci, a lokacin saurayi ne. Ya zaro takarda ya zana gawar tana reto, a gefe kuma ya rubuta launin hular mutumin da na rigarsa da na wandonsa. Na ce ikon Allah, mutum yana reto, shi kuma launin riga ne ya dame shi. Sai a 1786 mai mulkin yankin, Leopoldo, ya haramta kisa da azabtarwa, a kan haramta kisan kuwa babu ƙasar da ta riga shi a Turai, aka tara kayan azabar aka cinna musu wuta a tsakar gidan nan. A 1865 aka buɗe shi a matsayin gidan tarihi.

A bene akwai wani ɗan ɗakin ibada inda wanda za a kashe yake kwanan ƙarshe. A 1840 aka kankare farar ƙasar da aka shafe bangon da ita, sai ga zanen fuskar Dante, babban mawaƙinsu. Abin mamaki, daga wannan gidan aka yanke masa hukuncin kora a 1302, ya mutu a garin Rabenna a 1321 bai sake ganin gida ba. Yau kuwa har a jikin kuɗinsu fuskarsa take.

To, bari mu zo kan abin da mutane ke zuwa gani. Akwai wani zamani a tarihin Turai, daga wajen 1400 zuwa wajen 1600, da suke kira Rinashimento, wato sake haihuwa ko farfaɗowa. A lokacin ne masu zane da masu sassaƙa suka koma suna tono aikin Rumawa da Girkawan da, suna auna jikin mutum, suna ƙoƙarin su sa dutse ya yi kama da mai rai. A Fulorans abin ya fara ƙarfi, saboda nan kuɗin saƙa da na banki suka taru, kuma kin san mai kuɗi yana son abin da za a tuna shi da shi.

Ba zan ɓoye muku ba, da na shiga zauren farko sai da gabana ya faɗi. Mutum-mutumi ne ko'ina, wasu ko ƙyalle babu a jikinsu. Ni da aka rena ko hoto mai rai ba a rataya a ɗakinmu, sai na rasa inda zan sa idona. Na farko da na ci karo da shi wani saurayi ne na farin dutsen mabul, riƙe da ƙoƙon giya, ido a juye, ƙafa ɗaya tana neman kayar da shi. Mikelanjelo ne ya sassaƙa shi tsakanin 1496 da 1497, yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai. Wani babban limamin coci ne ya ba shi aikin, da ya ga abin sai ya ce ba ya so, wani mai banki ya saya ya ajiye a lambunsa. Ban ga laifin limamin ba. Amma maganar gaskiya, duk wadda ta taɓa ganin mashayi yana tangaɗi a bakin titi ta san yaron nan ya iya kallo. A babban zauren sama kuma akwai wani na tagulla da Donatello ya ƙera wajen 1440, wanda suka ce shi ne na farko irinsa tun bayan faɗuwar Rumawa. Da dattijuwar ta ce min wai siffar Annabi Dawuda ce bayan ya kashe Jaluta, sai na kau da kai na wuce. Ta lura, ba ta ce min komai ba, ta kama hannuna muka yi gaba. Wannan ya ƙara min ganin girmanta.

Inda na ɗan tsaya a zauren shi ne gaban wasu allunan tagulla guda biyu, kowanne bai fi faifai girma ba. A 1401 ƙungiyar attajirai masu cinikin tufafi ta sa gasa don a sami wanda zai ƙera ƙofar wani ɗakin ibada. Mutum bakwai suka shiga, aka ba kowa labari ɗaya ya fitar, labarin Annabi Ibrahim da yankan ɗansa. Su Isiyaku suke cewa, mu kuma Isma'ila muka sani. Allo biyu ne kawai suka rage har yau, na Giberti da na Burunelleski, dukkansu samari 'yan ashirin da uku zuwa da huɗu. Giberti ya ci. Ba don kyau kaɗai ba, nasa ya fi sauƙin nauyi, tagullar da ya ci ba ta kai ta ɗayan ba, kuma 'yan kasuwa ne masu biyan kuɗin aikin. Ya shekara ashirin da ɗaya yana aikin ƙofar, da ya gama aka ba shi wata ya shekara ashirin da bakwai. Shi kuwa wanda ya faɗi sai ya bar ƙira ya koma gini, shi ne ya ɗora wa babban cocin gari ƙubbar nan da ake hango ta daga ko'ina, aka gama a 1436. Na so a ce ƙanina da ya faɗi jarrabawa ya kwanta ciwo yana wurin.

Daga nan muka shiga ɗakunan da hankalina ya kwanta, ɗakunan kayan gida. 'Yar uwa, da kin ga wurin nan da kin manta da mutum-mutumi. Farantai da tuluna da kwanuka na tangaran, wanda suke kira mayolika, an zane su da shuɗi da ruwan ɗorawa da kore, shekara ɗari biyar amma kamar jiya aka sauke su daga wuta. Wannan sana'a ta shafa wa yumɓu farin ruwa mai sheƙi daga ƙasashen Musulmi ta shigo musu, ta hanyar Andalus. Akwai kuma wani gida, gidan Della Robbiya, da suka ɗauki irin wannan dabara suka sa wa sassaƙa. Kakansu Luka ne ya fara wajen 1440, farare a kan shuɗi, daga baya 'ya'yan gidan suka riƙa kewaye su da lemo da inabi da ganye. Sirrin haɗin a cikin gida ya tsaya, daga Luka zuwa ɗan ɗan'uwansa zuwa 'ya'yansa, ba a gaya wa bare. Ruwa ba ya cin abin, rana ba ta koɗe shi.

Wani Bafaranshe mai suna Luwi Karan ne ya bar wa gidan kaya dubbai a wasiyyarsa a 1888. Cikinsu akwai matatai na hauren giwa, da murafun madubi, da 'yan ƙananan akwatuna da ake ba amarya ta zuba sarƙa da zobe. Na daɗe ina kallon wani mataji. Haƙoransa na nan lafiya. Wadda ta taje kanta da shi kuwa ko sunanta babu. A wani ɗaki kuma sai ga tasoshi da butoci na farin ƙarfe da jan ƙarfe daga Masar da Sham, an zuba musu azurfa a cikin zane, da rubutun Larabci a kewaye. A nan na rama, don ni ce na riƙa haɗa baƙi ina karanta wa dattijuwar, ita kuma tana ta gyaɗa kai.

Kayan amaren nan su suka sa na tambaye ta yadda aure yake a garin a wancan zamani. Abin da ta gaya min, da wanda na karanta daga baya a ɗan littafin da na saya ina duba ƙamus, ya sa na yi shiru. Su a wurinsu ba miji ke ba da sadaki ba, uban yarinya ne ke biyan miji dukiya mai yawa kafin a ɗauke ta. Abin ya yi tsanani har a 1425 hukuma ta buɗe wani asusu na musamman, uba ya zuba kuɗi tun 'yarsa tana ƙarama, su yi shekara bakwai da rabi ko goma sha biyar suna haihuwa. Ranar fitar da su kuma ba yarinyar ake ba wa ba, mijin ake ba wa, bayan an tare. Wadda ubanta bai iya tarawa ba, sau da yawa gidan mata masu zaman ibada ake kai ta, ta ƙare rayuwarta a can ko tana so ko ba ta so. Yarinya takan yi aure tana wajen goma sha takwas, mijin yana wajen talatin. Idan ya mutu ya bar ta da ƙuruciya, 'yan uwanta su zo su ɗauke ta da dukiyarsu su sake aurar da ita, 'ya'yan kuma su zauna a gidan ubansu. Wannan na ƙarshen ba sai an yi mana bayaninsa ba.

Da wannan a raina na hau bene na ƙarshe, inda na haɗu da matan nan uku. Dukkansu daga kai zuwa ƙirji aka sassaƙa su, a farin dutse.

Ta farko aikin Berokiyo ce, malamin da ya koya wa Leonardo, wajen 1475 zuwa 1480. Tana sanye da riga marar nauyi, ta dafe 'yan furanni a ƙirjinta da hannu biyu. Kafin ita ba a saba sa wa irin wannan sassaƙa hannaye ba, kuma hannayen ne abin kallo, yatsu zara-zara kamar za su motsa. Ba a rubuta sunanta ba. Masana sun shekara da shekaru suna gardama, wasu su ce wata Jinebra ce, wasu su ce Lukureziya Donati ce, wadda Lorenzo na Medici ya yi ta rera wa waƙoƙin so amma da aure ya tashi a 1469 sai ya auro 'yar manyan birnin Rum. A jikin takardar da ke gabanta dai abin da aka rubuta shi ne mace mai furanni. Sunan wanda ya sassaƙa ta kuwa da manyan baƙaƙe.

Ta biyu an rubuta nata sunan a ƙasa, Batista Sforza. Fuska sumul, ido a runtse rabi, ba murmushi ba fushi. Na ce wa dattijuwar wannan kamar mai barci. Ta ce ba barci ba ne, bayan ta mutu aka yi shi. An aurar da ita a 1460 tana 'yar goma sha uku zuwa sha huɗu, ga Federiko mai mulkin Urbino, wanda ya ba ta shekara ashirin da huɗu. Matarsa ta farko ta mutu ba ta haihu ba, magaji ake nema. Yarinyar mai ilimi ce, tana jin Latin, idan mijin ya tafi yaƙi ita ke riƙe da ƙasa. Amma haihuwa ta farko mace, ta biyu mace, haka a jere har aƙalla shida. Mutanen ƙasar suna ba da labari wai har addu'a ta yi a ɗauki ranta a ba ta ɗa namiji. A watan Janairu 1472 ta haifi namiji, a watan Yuli na shekarar ta rasu, tana da shekara ashirin da biyar zuwa da shida. Allah sarki. Shi kuma ɗan da aka yi wannan wahala dominsa, Gidobaldo, ya girma ya yi aure ya mutu a 1508 bai haifi ko ɗaya ba, sarautar ta koma hannun ɗan 'yar uwarsa mace. Ina tsaye a gabanta ina tuna wata ƙawata mai 'ya'ya mata biyar, da irin kallon da dangin miji ke yi mata ranar suna.

Ta ukun ita ce ta hana ni barci.

Ita ba ta cikin wancan zamani sosai, ta zo daga baya, wajen 1636 zuwa 1637, kuma a birnin Rum aka yi ta. Da ganinta kin san daban take. Gashi a ɗan hargitse an tufke shi a ƙeya, wuyan riga a buɗe, ido a ware, baki a ɗan buɗe, kamar an kira sunanta ta waiwayo za ta amsa. Sauran biyun an yi su ne don a ajiye a zaure baƙi su gani. Wannan babu wanda ya ba da aikinta, babu wanda ya biya. Bernini, wanda a lokacin babu kamarsa a duk Turai, shi ya sassaƙa ta don kansa ya ajiye a gidansa. Ni marubuciyar soyayya ce, ina ganinta na ce wannan mutum son matar nan yake yi, so mai tsanani. Har na ji wani daɗi a raina. Na ce ashe dutse ma yana iya faɗin abin da muke cika shafi ɗari muna nema.

Sai dattijuwar ta ɗaga yatsa ta ja shi a kumatunta, daga kunne zuwa haɓa.

Sunanta Kostanza Pikolomini. Sunan gidan babba ne amma ubanta bara ne a gidan wasu manya. A 1632 ta auri wani masassaƙi, Matteyo Bonarelli, wanda daga baya ya shiga aiki a ƙarƙashin Bernini. Maigidan ya ga matar yaronsa ya so, suka fara abin da bai kamata ba. A 1638 sai labari ya kai masa cewa ƙaninsa Luwiji ma yana zuwa wurinta. Ya ce wa 'yan gida zai yi tafiya ƙauye, ya je ya laɓe kusa da gidanta da sassafe, sai ga ƙanin ya fito. Ya bi shi da sandar ƙarfe ya karya masa haƙarƙari biyu. Bai huce ba, ya sake bin sa da takobi tsirara a cikin gari, sai da yaron ya shige wani babban coci mai suna Santa Mariya Majjore aka rufe ƙofa. Sannan ya kira baransa, ya ba shi kwalaben giya biyu kamar kyauta, ya ba shi aska, ya aike shi gidan Kostanza. Baran ya same ta ya tsaga mata fuska. Wannan aika-aika har suna gare ta a yarensu, sfrejo, don a wancan zamani an saba yi wa mata ita, a bar musu tabon da kowa zai gani ya san an ce sun yi abin kunya.

Mahaifiyarsa da kanta ta rubuta wa ɗan ɗan'uwan Paparoma takarda tana roƙon a ja wa ɗanta kunne, don ya ɗauki kansa kamar shi ke da duniya. To ga yadda aka raba hukunci. Baran da aka aika, aka kore shi daga gari. Luwiji ya tafi Bolonya ya fake, daga baya ya dawo ya ci gaba da aiki da wansa. Bernini aka ci shi tarar kuɗinsu sikudi 3,000, sai Paparoma Urban na takwas ya yafe masa, ko kwabo bai biya ba, aka dai ce ya yi aure ya natsu. A watan Mayu 1639 ya auri wata budurwa, Katerina, suka haifi 'ya'ya goma sha ɗaya. Ita kuwa mai tsagaggiyar fuska, ita aka kama da laifin zina aka kulle a gidan horon mata. Ta yi wata huɗu da 'yan kai a ciki, ta rubuta takarda da hannunta zuwa ga gwamnan gari tana kukan yunwa da ciwo, tana roƙon a mayar da ita ga mijinta. A watan Afrilu 1639 aka sake ta.

Kada wata ta ce ina wanke ta. Matar aure ce, abin da ta yi babu addinin da ya yarda da shi. Amma mutum uku suka yi laifin, ku duba ku ga jikin wa aka rubuta shi.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne abin da ya biyo baya, wanda sai a 'yan shekarun nan wata malama Ba'amurkiya, Sarah McPhee, ta tono shi daga tsofaffin takardu ta fitar da littafi a 2012. Matteyo ya karɓi matarsa. Suka ci gaba da zama shekara goma sha biyar, ya rubuta wasiyya ya bar mata duk abin da ya mallaka. Da ya mutu a 1654 ita ta riƙe sana'ar, tana saye da sayar da zane da sassaƙa, manyan mutane suna zuwa gidanta ciniki, da tabonta a fuska. Ta rasu a 1662 da rufin asirinta, aka binne ta a cocin nan da Luwiji ya ɓuya. Bernini ma da ya mutu a 1680 nan aka binne shi. Sassaƙar kuwa tun bayan aurensa ta bar gidansa ta koma hannun 'yan Medici, shi ya sa take Fulorans. A 2021 an ɗauke ta na ɗan lokaci an kai ta wani gidan tarihin da ake kira Uffizi, aka ajiye ta tare da hotunan da ke nuna halin matan da aka watsa wa ruwan batir.

Na nemi siffar Matteyo a gidan, babu. Babu wanda ya sassaƙa shi.

Yanzu ga inda maganar ta shafe ni da ku. Kun tuna yadda kashi na ɗaya ya ƙare, inda saurayin ya ga yarinyar tsaye da wani a ƙofar gida. A kashi na biyu da na rubuta, ya kira ta gefe ya wanke ta da mari har ɗankunnenta ya cire, ya yi kwana uku ba ci ba sha, ita kuma ta kwanta tana shafa kumatun tana jin wani sanyi a ranta, tana cewa da ba ya sona da bai yi kishi haka ba. Na yi shafi tara a kan wannan, kuma na ji daɗin rubuta shi. Ƙanwata da ta karanta har cewa ta yi nan ne ya fi daɗi a duk littafin. Kuma ba shi ne karo na farko ba, wadda ta karanta littattafaina na baya ta san na sha yin haka. Akwai kuma wani malamin makaranta a labarin, mai haƙuri, marar surutu, wanda na sa shi don kawai a yi masa dariya a ƙi shi.

Ina tsaye a gaban Kostanza, shafukan nan tara suna ta dawo min ɗaya bayan ɗaya. Hannun da ya fitar da laushin kumatun nan daga dutse, shi ne ya miƙa askar. Kuma ni da bakina, minti biyar kafin nan, na kira abin so.

Kasuwar ba mu je ba ranar. A bakin ƙofa na sayi kati mai hotonta, muka zauna a wani ɗan shago dattijuwar ta saya min shayi, ni kuma na kasa sha. Da dare Maigida ya ga katin a kan gado ya ɗauka ya juya shi, ya ce, "Ke kuma duk tsarabar Italiya ki rasa abin saye sai wannan mai kai ba ɗankwali?" Na ce masa labarinta da tsawo. Ya ce to bari ya yi sallah in ba shi.

Da muka dawo Kano na ciro rubutun daga ƙarƙashin katifa na yage shafi taran. Sai na ga ashe duk abin da ya biyo bayansu a kansu ya jingina, har bikin da na tsara a babi na ƙarshe. Mai buga min littafi ya aiko sau uku, na ce ya ƙara min lokaci. Yanzu ina babi na shida, yarinyar tana zaune a ɗakin mahaifiyarta da kumatu a kumbure, malamin makarantar nan kuma ya yi sallama a zaure, an aika yaro ya gaya mata.